Dala Ɗaya

Ƙarfe bakwai ina kasuwar Kadro,
bakin sito, biro a kunne.
Buhun aya ya shiga, in rubuta,
buhun wake ya fita, in rubuta.
Alhaji Nomau na kan buzu yana jan carbi,
lissafinsa a ka, nawa a takarda,
ranar da muka saɓa kuwa
ni ne ban iya ba.

"Kwantabul, me za ka yi da wata takarda kuma?
Ba ga ka nan kana ci ba?"
Na ce, Alhaji, hatimi nake nema.
Ya ce hatimin ɗan kasuwa bakinsa.
Na yi dariya, albashina na aljihunsa,
ban ƙara ba.

Bayan lisha nake komawa ɗan lakwal.
Unguwar Zariya ta yi tsit,
kuran ya ɗauke, kamar ya ji na buɗe littafi.
Na jingina salula da gwangwanin madara,
ƙwari suka zo karatu tare da ni.
Debi a hagu, kiredi a dama,
duk kuɗin da ya motsa sai ya bar sawu biyu.
Haka doka ta ce,
ba ni na ce ba.

Daren Talata dala ɗaya ta ɓace mini.
Dala fa, wadda ko almuru ba ta sayen ashana.
Na bi ta gida gida, layi layi,
na hau, na sauka, shayi ya huce,
har ladan ya gyara murya.
Ashe gumina ne ya ɗiga kan ɗaya,
ya yi mata tumbi, ta koma shida.

Bara na je Yamai.
Goma ake nema, na dawo da tara da rabi.
Rabin nan ya zauna mini a wuya
kamar ƙayar kifin Gulbi,
shekara guda bai wuce ba.

A babin zaizayar kadara an ce
moto shekara biyar gare shi, daga nan sifiri,
ko da yana tashi da bugu ɗaya.
Nawa ya yi tara, yana kai ni yana maido ni.
To idanuna fa,
da bayan nan da ke ƙara in na miƙe,
shekara nawa aka yanka musu?
Littafin bai faɗa ba.

Inna a Tibiri, mai ƙuli-ƙuli,
da gawayi take jan bashi a bango.
Wanda ya biya ta shafe da yawu.
Shekara talatin bangon nan bai yi mata ƙarya ba,
ba ta kuma zauna jarrabawar kowa ba.

Kuɗin rajista kwasar adashin Tsahara ne,
jika saba'in, ɗaure a bakin zane.
Na ce, a wane gida zan sa shi, bashi ko jari?
Ta ce, sa shi inda ba ka mantuwa.
Zuwaira kuma ta sami kayena a tabarma,
ta zana kaza a gefen kiredi,
ƙafa uku, baki buɗe.
Na ɗauki goma zan goge,
na fasa.

Jibi motar asuba.
Na roƙi kwana huɗu, Alhaji ya ba ni uku,
ya ce biyu za su fita a albashi.
Na rubuta da hannuna.
Da na zo tayar da moto sai ya biyo ni ƙofa,
ya dunƙula mini jika biyar,
idonsa na kan masu dako:
"Ka sha ruwa a Ƙonni.
Wannan kada ka rubuta."

Ban rubuta ba.
Yau littafina ya karkace da jika biyar,
na san inda suke,
na rufe shi haka nan,
na kashe salula, na yi barci.