Kashi Na Biyu

Daren Alhamis, an watse daga kasuwar Maigatari,
Jibo ya ja igiyar janareta har sau huɗu.
Naira ɗari a bakin ƙofa, benci mai ƙusa a tsakiya,
kashe dare ya kai ni, ban je neman kaina ba.

Kashi na biyu aka sa, na Turawa masu baƙar kwat,
gidan da ake cin abinci da bindiga a cinya.
Turancinsu ya wuce ni,
amma da wani ya sayar da ɗan'uwansa
ban nemi tafinta ba.

Aka kunna fitila, gardama ta kaure.
Gambo mai faci ya ce kuɗi ne, ba wani abu.
Ɗan'asabe ya rantse akwai mace a ƙarƙashi.
Wani yaro ya ce hassada, aka yi masa tafi.
Na tsotsi ɓawon rake na yi shiru,
duk cikinsu ba wanda ya harbi inda tsuntsun yake,
ni kuwa ban gyara musu ba.

Babura goma sha uku Baba Nomau ya bari,
kowanne da jarka shida da hanyarsa ta cikin ƙaya.
Ranar da numfashinsa ya fara gajarta
ina riƙe da kofin ruwa a kansa,
ya miƙa littafin bashi ta saman kafaɗata
ga Sammani, wanda ni na koya wa hawan keke.
Ko kallona bai yi ba.

Shekara bakwai, Ilu kawo tabarma, Ilu sayo kati,
Ilu ka ɗan ba mu wuri za mu yi magana.
Rigata ta sallah daga hannunsa, kuɗin cefane daga hannunsa.
Ciki ya cika, wuya ya yi kauri,
wani wuri a ƙirji bai ƙoshi ba.

Sai ga mutumin Magarya, mai haƙorin makka.
Ya sayi balangu, ya tura mini gefen mai kitse,
ya ce, Babban Yaya, kai ne gidan ai.
Wallahi abin da ya biya ke nan.
Ta kuka mai rami za su bi, ko ta busasshen rafi?
Na ce rafi.
Ya ce kaya kawai za a tare, ba za a taɓa kowa ba.

Hamisu ne a gaba, ɗan shekara sha bakwai.
Aka ja waya a hanya, fetur ya sami wuta.
Daga soron gidanmu na hango hasken,
kamar gari zai waye ta arewa.
Da takalminsa aka gane shi,
uwarsa har yau ba ta ƙara kunna aci-balbal ba.

Sammani ya sani.
Na gane ranar sadakar uku, da ya ba ni hannu
ya riƙe ya ɗan daɗe, yana duban farcena,
ya ce, Yaya, ka rame.
Daga nan bai ƙara ba.

Su can da harsashi suke rufe lissafi,
a yi kiɗa, rubutu ya hau, kowa ya nemi takalminsa.
Mu nan kowace kaka amalanke na tsayawa a ƙofata,
buhun gero biyu, in ji Alhaji, a gaida iyali.
Matata ta yi guɗa, ta daka, ta dama.
Nakan ɗaga ludayi in ji warin fetur,
in sha, don yara na kallo.

Jibo ya ce mako mai zuwa akwai na uku.
Na bi ta bayan masallaci na nufi gida,
ga sawun amalanke sabo a kan yashi.
Ban shiga da wuri ba.