Ƙofa Marar Ƙara

A shagona na Ƙofar Ƙaura
Dakta Hassu ta leƙa shafin da nake gina mata,
ta ce, "Mannir, sauke takardun shaidar nan.
Mai zuwa ba karatuna ya dame shi ba.

Ƙarfe biyun dare zai shigo,
matarsa na barci,
datarsa saura ƙiris.
Kada hoto ya lashe ta.

Goge 'taɓin hankali'.
Rubuta: barci ya ƙaurace maka?
Kada ka tambayi sunan mahaifinsa,
a garin nan kowa ɗan wani ne."

Na yi ta ragewa,
sai kujera biyu, lamba ɗaya,
launin ƙasa bayan ruwa.

Da ta tafi na gwada maɓallin.
Yana aiki.
Na daɗe ban ɗauke yatsana ba.