Tafinta a Taron Sadarwa

Kwana uku kafin taro
aka shafe katangar jami'a da farar ƙasa,
aka rataya ƙyalle a bakin ƙofa
mai cewa barka da zuwa Maraɗi, cikin harshe biyu,
ba ko ɗaya da mai gadi ke ji.

Baƙi sun shigo ta Ɗan Isa,
sun canza naira, suna ƙirga sefa da mamaki.
Wasu daga Yamai, wuya a sage, jaka cike da kundi.
Ƴan kabu-kabu sun ji ƙanshin taro,
kuɗin hanya ya tashi da dala ashirin.

Ni aka ba akurkin gilashi a bayan zaure,
da abin ji a kunne, da gorar ruwa ɗaya.
Aikina in ɗauko magana daga wannan baki
in kai wancan kunne ba ta zube ba,
kamar mai ƙwaryar nono
za ta haye Gulbi da damina.

Dakta Illiyasu Jari, ɗan Bagalam,
wanda ya girma da ƙuli-ƙulin innata,
ya miƙe da Faransanci mai sulɓi
kan rediyon karkara, da yadda labari ke isa ƙauye.
Na juye shi cikin Ingilishi
don Farfesa Balaraba ta Kano.
Ta rubuta, ta ɗaga hannu,
ta yi tambaya mai reshe uku.
Na kwaso na mayar.
A hanya reshe ɗaya ya karye, ban gaya wa kowa ba.

Haka har azahar.
Kakansa Bakatsine, kakarta Bakatsiniya,
ni a tsakani ina gumi,
ina sulhunta Faris da Landan.

Sai wuta ta ɗauke.
Fanka ta yi juyi biyu ta haƙura.
Hoton bango ya mutu da rabin jadawali.
Tsahiru ya ruga wurin inji,
aka ce mai makulli ya tafi salla.

Can baya wani ya ce, "To fa."

Farfesa ta cire abin kunne ta ajiye.
"Dakta, abin da nake tambaya,
matan Jiratawa masu zogale,
wa suka fi yarda da shi, rediyo ko maƙwabciya?"
Ya yi dariya har da tafi:
"Hajiya, ai da haka kika ce tun ɗazu!
Rediyo kan faɗa, maƙwabciya ke buga hatimi."

Zaure ya ɗauka.
Ɗaliban da suka yi gum tun safe
suka sami baki, har ana katse juna.
Mai gadi ya leƙo ta taga
ya ce su a Tibiri,
labarin da bai bi ta bakin rijiya ba
yana hanya tukuna.
Na ga shehin malami yana rubutawa a bayan ambulan.

Na fito daga akurki,
na tsuguna kusa da baƙi uku na Kwatano
ina raɗa musu abin da ake wa dariya.
Kan in kai ƙarshen jimla
dariyar ta huce, wata ta taso.

Minti arba'in, wuta ta dawo.
Kowa ya gyara riga, ya mayar da abin kunne.
Shugaban zama ya ba da haƙuri
kan lokacin da aka yi hasara.

Da yamma an raka baƙi sayen kilishi.
An ce rahoto zai fito baɗi, cikin harshe biyu.
Na tambayi Tsahiru ko na'ura ta ɗauki wancan zance.
Ya ce da wace wutar?

Ni dai an biya ni kuɗin yini cikakke.
Na saya wa inna goro da sabon batir,
na tarar maƙwabciya ta riga ni ba ta labari.