Lamba Arba'in da Bakwai

A Kasuwar Dole na sayi littafin,
dala arba'in, ba bango,
wurin tsohon da ke shimfiɗa takardu kusa da masu goro.
Sai a gida na ga shafukan amsa babu su.
Wataƙila an naɗe tsire da su,
wani ya ci, ya goge maiƙon hannunsa da amsata.

Allona kwali ne, da biro na ja gidajen.
Baƙin doki guda ya ɓace tun bara,
murfin kwalba ke riƙe masa muƙami,
kuma tsallensa bai gaza na ɗan'uwansa ba.

A Garin Malam famfo ba ya magana sai dare ya raba.
Mukan jera jarkoki tun bayan lisha,
rawaya bayan rawaya, har bakin dutse,
kowa ya zauna gadin tasa.
Kyari na dafa shayi, Habsu na gyangyaɗi a kan kura,
ni da tocila a baki
ina kallon lamba arba'in da bakwai:
fari zai taka, ya kashe sarki a taku biyu.

Biyu kacal.
Kwana tara ina kanta.

Daren farko na ci hasumiya da sarauniya,
don hannu ba ya ganin nama ya wuce.
Murfin kwalba ya diro ya tare hanya.
Na biyu na yi wa sarki tsawa daga dama,
ya zame hagu kamar ƙadangare a tsagar dutse.
Na ba da doki hadaya, ba a karɓa ba.
Na tura soja gaba, ya tsaya yana kallona.
Na fara zargin mai ɗab'i,
na ce ko ya manta wani ɗa a aljihunsa.

Kyari ya ce, darar Bature ke nan,
a zauna shiru kamar gidan makoki.
Da tamu ce ta rami da tsinke
da tuni an yi ihu an watse.
Ban tanka ba, tocila na bakina.

Dare na tara, wajen ƙarfe uku,
famfo ya yi tari, ya yi kaki, ya saki.
Aka tashi da gudu.
Na bar allon a kan dutse, na kafa jarkata,
na tsaya ina jin muryar ruwa
tana hawa daga ƙasa, tana siranta.
Ba allo a gabana, sai duhu,
kuma a duhun na gan ta.

Sarauniya ta koma baya.
Can lungu, inda ba kowa,
ba ta ci komai, ba ta ce wa sarki uffan.
Ta zauna kawai.
Saura baƙi, kuma a wasan nan ba a cewa na yafe takuna,
dole ya ɗaga wani abu.
In ya ɗaga doki, ƙofa ta buɗe.
In ya ɗaga hasumiya, katanga ta faɗi.
Da hannunsa zai zare sakatar ɗakinsa.

Habsu ce ta daka mini tsawa:
Malam Brah, ruwa na zuba!
Takalmana sun jiƙe, layi na zagina,
wanda kwana biyu bai gani ba nake shayar da ƙasa.
Na ba da haƙuri ina dariya,
abin da ya ƙara musu haushi.

Na koma kan dutse na gwada ta sau shida,
ta kowace ƙofa, da yatsa mai ɗigar ruwa,
har biro ya fara narkewa a gidan sarki.
Ta tsaya.
Babu shafin da zai ce mini na yi daidai,
mai tsiren ma bai san yana da bashina ba.

Na ɗora jarka a kafaɗa, allo a hammata.
Ladanin Birni bai kira ba tukuna.
A zaure, kafin in shiga,
na leƙa lamba arba'in da takwas.
Taku uku.