Sauraron Ƙasa

Shekara talatin ina raba wasiƙu a Norfolk,
ƙofa-ƙofa, da jaka a kafaɗa.
Da na yi ritaya sai na sayi na'ura
mai jin numfashin ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa.
'Yata Rosalind ta ce, "Baba, ai ka girma."
Na ce, "Abin da nake nema ya girme ni."

Janairu. Gonar Gathercole ta daskare,
shebur na tsalle kamar ya sari dutse.
Na'ura ta yi tsuwa, gabana ya faɗi,
na durƙusa, gwiwa cikin ƙanƙara:
marfin gwangwani.
Na biyu ma shi ne. Na tara ma shi ne.
Hankaka kan shinge ya karkace kai yana kallona,
ban ga laifinsa ba.

Maris ta zo da taɓo har idon sawu.
Takalmin doki, ƙusa, maɓallin rigar soja,
harsashin darma mulmulalle da bai daki kowa ba.
Mai nema yana tare da samu, in ji mutane,
sai dai ba su faɗi abin da zai samu ba.

Wata Laraba, rana na shirin faɗuwa,
na ji tsuwa siririya, mai kunya,
kamar sallamar baƙon da bai tabbatar da gida ba.
Tsabar azurfa, ba ta fi farcen babban yatsa ba.
Na goge ta da yawu: sarkin Rumawa,
hanci ya cinye, suna ya shafe, saura kambi.
An ce ya yi mulki daga teku zuwa teku;
yau ga shi kwance a tafin hannuna,
ni da motata ba ta tashi sai an tura.
A gidan tarihi suka auna shi, suka rubuta,
suka maido mini shi cikin 'yar leda.

Da zafi ya shigo alkama ta miƙe, gona ta haramta.
Na koma bakin teku bayan masu wanka sun watse:
makullai, 'yan canji, ɗan kunne da ya rasa ɗan'uwansa.
Kuɗin ya saya mini kifi da dankali sau uku.

Oktoba, garma ta birkice ƙasa.
Gindin tsohon itacen da ke iyakar gona
zinariya ta yi mini murmushi cikin laka.
Zobe. A cikinsa an zana E da H, 1968.
Tsohon aikina ya motsa: saƙo ne, dole ya isa.
Kwana goma sha ɗaya ina bin littafin coci
kafin na ƙwanƙwasa ƙofar Enid, ta haura tamanin.
Na miƙa mata, na gyara tsayuwa ina jiran hawaye.
Ta juya shi, ta kece da dariya har tari ya sarƙe ta.
"Ba faɗuwa ya yi ba, yaro. Ni na wurga shi.
Horace ne ya sayar da saniyata bai gaya mini ba.
Washegari muka zo nema tare, da rarrafe, har dare.
Shekara arba'in da ɗaya muka ƙara, ba zobe."
Ta gwada, yatsa ya kumbura, ya ƙi shiga.
Ta aje shi kusa da sukari, ta zuba mini shayi.

Disamba, na baje shekarata kan tebur:
marfi ɗari huɗu da goma sha biyu,
ƙusoshi cikin bokiti, sarki ɗaya marar hanci.
Rosalind ta ce, "To, riba nawa?"
Na ce batir kaɗai ya lashe ta.

Amma ƙasa ba ta yar da wasiƙa,
mai rabawa ne ba ta da shi.
Akwai wata kusurwa bayan rumbun Gathercole
da ban taka ba tukuna.
Na goge shebur,
na aje takalma kusa da ƙofa.