Ciyawar Gidan Dakta

Ranar Laraba aka liƙa takarda a jikin tankin unguwa,
nan gindin Kufena, inda dutse ke mayar wa rana zafinta ninki biyu.
Ban yi boko ba. Jikana Tanimu ya karanta mini:
jarka huɗu kowane gida, da safe kawai,
ban da wankin mota,
ban da shayar da ciyawa.

Shekara goma sha ɗaya ina bautar wannan fili.
A buhu Dakta ya sayo irinta daga Jos,
na dasa ta tsinke-tsinke kamar mai kitso.
Na san inda take laushi, na san inda take gardama.
Duk Asabar in yi mata aski,
in ja da baya in duba, kamar wanzami,
har masu wucewa su rage tafiya suna leƙowa.

Na naɗe tiyo na rataye a ƙusa,
ya yi lamo kamar macijin da aka kashe jiya.
Hadari ya haɗo ta wajen Shika, ya yi baƙi, ya yi gurnani,
ya kauce mana kamar wanda muke bi bashi.
Masarar Jatau ta naɗe kunne.
Kubanni ta koma yashi, yara na buga ƙwallo a cikinta.
Filina ya fara fari daga bakin katanga,
kamar furfura, a hankali take shigowa.

Dakta ya bugo waya daga Abuja.
Ya ce, Barau, ba muna da burtsatse a gida ba?
Ka ba ta da dare mana, wa zai gani?
Na ce to.
Bakin ɗan aiki ya saba da to
tun kafin zuciya ta gama aunawa.

Ƙarfe uku na dare na sauko da tiyo.
Hannuna na kan famfo sai na ji ƙwaram, ƙwaram, a bayan katanga:
mata ne ke jera jarkoki, suna kama layin asuba.
Na gane muryar Lantana, mai goyon tagwaye,
tana ƙirga na gabanta, ta kai ashirin da bakwai.
Rijiyarmu da tasu, a ƙarƙashin ƙasa uwarsu ɗaya.
In wannan ɗa ya tsotse,
wancan da kuka zai kwana.
Na mayar da macijin ƙusarsa, na koma ɗaki ban runtsa ba,
har ladan ya fara kiran farkawa.

Yanzu a kan tasa nake alwala.
Kande mai girki na tara mini ruwan wankin shinkafa.
Ba ya isar fili, sai na zaɓa, kuma zaɓi ciwo ne:
lemon tsami kofi uku, zogale biyu,
ragowar ga wani ɗan gefe mai faɗin dadduma.
Na daina aski, tsawonta ya yi wa saiwarta inuwa.
Na baza ƙaiƙayi a gindin itatuwa.

Jiya da yamma na ga kore a tsakiyar farin.
Na durƙusa.
Ashe ƙiri-ƙiri ce, 'yar gida,
wadda na shekara goma sha ɗaya ina tugewa ina jefarwa bayan katanga.
Ba wanda ya ba ta ko ɗigo.
Ta miƙa yatsu, tana rarrafe a kan gawar baƙuwa.
Na kai hannu don sabo,
sai na bar ta, kunya ta hana ni taɓawa.

Juma'a Dakta zai dawo.
Ban shirya abin da zan faɗa masa ba.
Wataƙila in kai shi bayan katanga da asuba,
ya ƙirga jarkokin da kansa.
Wataƙila in yi shiru, in miƙa masa lemo biyu da suka tsira.
Kufena dai na tsaye, ya ga farin da ya fi wannan,
bai taɓa roƙon kowa ruwa ba,
kuma daga tsagarsa wani ɗan gamji na fitowa.