Taku Tara

Taku tara ne gidanmu, daga goshi zuwa ƙeya.
Da ƙafata na auna ran da Jaotombo ya saye shi,
tsohon jirgi mai filafilai da wani Bature ya yasar
a tashar Mahajanga, har kaji na ƙwai a ciki.
Shekara talatin yana ƙirga buhunan mutane a tashar nan,
jirage su fita, shi ya koma gida a ƙasa.
Ya ce, "Soazara, mu tafi kafin gwiwa ta ƙi."
Na ce, "Tukunyata fa?"
Sai ya ɗaure ta da waya a kan murhu.

Damina biyu ke nan muna bin gaɓa.
Da asuba iska ta gangaro daga tudu
da warin hayaƙi da na shanu,
da azahar ta juyo daga teku
kamar wadda ta manta mayafinta.
Tsakaninsu shiru.
Filafili ya saki jiki kamar rigar majinyaci,
mu zauna muna jin ruwa na lasar katako.

Gishiri ya shiga ashana, ya shiga allura,
ya ci zif ɗin jakata, ya kwanta a gashin gira.
Ban ƙara ajiye kofi na juya baya ba.
Na koyi yanka albasa da ƙafa a tokare.

A Moramba kukoki na tsaye kan duwatsu a tsakiyar ruwa,
ban san wa ya ba su wannan shawara ba.
A Baramahamay wata yarinya ta tuƙo kwale-kwale
da kwalbar zuma da ƙaguwa huɗu a ɗaure,
ta ƙi kuɗi, ta ce batir take so da ƙugiya,
ta leƙa ɗakinmu ta kwashe da dariya:
"Nan kuke faɗa ma?"

Nan muke yi.
Ran Talata ya wanke rigarsa da ruwan sha,
saura jarka ɗaya, rijiya kuwa sai kwana biyu gaba.
A gida da na fice wurin Volatiana
na sauke abin da ke raina a bakin turminta.
A nan ina za ni?
Na yi taku tara, na zauna kan igiyar anka,
na ba shi ƙeya, na ba teku fuska.
Wani kunkuru ya ɗago, ya ja numfashi irin na tsofaffi,
ya dube ni, ya ga ba ruwansa, ya nutse.

Tsakar dare na ji sarƙa na gurnani a ƙasa.
Fitilar ƙauye da ke dama ta koma hagu.
Anka ya saki.
Bayanmu murjani na wasa haƙora cikin kumfa.
Ba wanda ya kira sunan wani.
Ya kama igiya, na kama matuƙi,
ya ja, na karkata, ya ja,
filafili ya buɗe da ƙara kamar mari,
jirgi ya yi jim, ya yi tunani,
sannan ya juya hanci waje.

Muka kwana a buɗaɗɗen ruwa muna kai da kawowa.
Tafinsa ya saɓule, na ɗaure da gefen zanena.
Har yanzu ban yi magana ba.

Gari na wayewa hadari ya taso daga Nosy Iranja.
Muka shimfiɗa filafili, muka yi masa kwari,
ruwa ya bi ta tsakiya yana cika jarka,
ɗaya, biyu, har tukunya, har kofin shayi.
Ya tsaya a jiƙe, gemu na ɗiga,
ya kwaɓe rigar nan ya miƙo mini ita.

Na ce, "Yanzu kam wanke."